ME YA SA MANHAJAR DA KA SABA DA ITA TAKE ƘIN HAWA SABUWAR WAYA?

Darasin yau zai ɗan yi tsayi, don haka ka gyara zama.

Ka taɓa sayen sabuwar waya, ka turo wata manhaja daga tsohuwar ta Xender, ka danna ta, wayar ta ce maka "App not installed"? Ko ka shiga Play Store ka nemi manhajar da ka yi shekaru kana amfani da ita, aka ce ba ta dace da wayarka ba? Yawancinmu mukan ɗora laifin a kan wayar. Wani ya ce jabu aka sayar masa, wani ya ce masu kamfani ne ke son tilasta masa kashe kuɗi. In manhajar wasa ce, sai a haƙura. To amma in a cikinta littafin bashin shagonka yake fa? Ko sunayen ɗaliban Islamiyyarku, ko lissafin adashen da kike riƙe wa matan unguwa?

Ni ina ɗan taɓa aikin haɗa manhaja a nan Kazaure, kuma irin wannan matsala takan zo hannuna. Ina so in nuna maka abin da ke faruwa a can ƙasa, don ka san tambayar da za ka yi kafin ka damƙa wa wata manhaja amanar dukiyarka.

RUMBUN DA KE CIKIN WAYARKA

Kafin mu yi nisa, ɗauki wayarka ka buɗe File Manager. Shiga Android, sai media, sai com.whatsapp, sai WhatsApp, sai Databases. In wayarka tsohuwa ce, za ka ga foldar WhatsApp tun a farko. A ciki akwai fayil mai suna msgstore.db da wasu haruffa a ƙarshensa, kamar crypt14. Kar ka goge, kar ka taɓa, kallo kawai za ka yi. Wannan shi ne kwafin hirarrakinka, a kulle.

Irin wannan fayil shi ake kira rumbun bayanai. Wuri ne da manhaja ke jera bayanai layi-layi, kamar littafin rajista, ta yadda za ta iya zaro wanda take so nan take. Injin da ke kula da rumbun a wayoyinmu sunansa SQLite. Wani Ba'amurke mai suna D. Richard Hipp ne ya fitar da shi a shekarar 2000, ya kuma bar wa duniya kyauta. Yana cikin kowace wayar Android da kowace iPhone, yana cikin Chrome da Firefox. Lambobin mutanen da ka adana da saƙonninka na tes, a irinsa suke zaune. Ba ya buƙatar intanet. Shi ya sa ma'aikacin da aka tura ɗaukar bayanai a ƙauyukan Gwiwa ko Roni, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, zai cika fom ɗinsa a waya lafiya lau, sai ya samu sabis ya tura.

TAFINTA

An rubuta SQLite da yaren kwamfuta mai suna C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Amurka a farkon shekarun 1970. Sai dai ƙwaƙwalwar wayarka ba ta jin C. Ba ta jin Turanci, ba ta jin Hausa, lambobi kawai take ganewa. Don haka dole a samu wanda zai tsaya a tsakiya, ya karɓi abin da ɗan Adam ya rubuta, ya juya shi zuwa yaren na'ura. Masu wannan sana'a suna ce masa kwamfaila. Mu kira shi tafinta, don aikinsa kenan.

Manyan tafintocin C na kyauta guda biyu ne. Akwai GCC, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, akwai kuma Clang, wanda ya zo daga baya da tallafin kamfanin Apple. Tafinta ba ya aiki shi kaɗai. Yana da abokan aiki: mai ɗinke gutsattsarin da aka fassara su zama abu ɗaya, da mai bin takardar umarni yana cewa a fara da wannan fayil, a bi da wancan. Su duka su ne kayan aikin gini. Ita kuma wannan hidima ta ɗaukar rubutu a mayar da shi manhajar da za ka iya dannawa, ita ake kira gini.

Ga abin da nake so ka riƙe. Fayil ɗin APK da ke wayarka fassara ce da aka yi sau ɗaya, a wata rana, da wani tafinta, don wata irin waya. Ba ya girma, ba ya koyon sabon abu. In wayoyi sun canza, sai an koma kan rubutun asali an sake fassarawa da sabon tafinta. In babu mai yin wannan aiki, manhajar ta fara mutuwa kenan, ko da yau tana buɗewa.

IN KIƊA YA CANZA

Kiɗan kuwa yana canzawa a kai a kai. Ga kaɗan daga cikin abin da ya faru:

A 2018 Google ta cire GCC gaba ɗaya daga kayan aikin da ake gina ɓangaren C na manhajojin Android da su, wato NDK, a fitowa ta 18. Clang kaɗai ya rage. Duk takardar ginin da ke kiran GCC da suna sai ta tsaya cik.

Daga 1 ga Agusta 2019, Play Store ta daina karɓar sabuwar manhaja ko sabuntawa in babu zubin 64-bit a ciki. A 2022 aka fitar da Pixel 7, wadda ba ta karɓar manhajar 32-bit sam, kuma wasu manyan wayoyi sun bi sahu.

Android 14, da ya fito a 2023, yana ƙin ɗora manhajar da aka gina ta don abin da ya gaza Android 6. Dalili shi ne, daga Android 6 aka fara tilasta wa manhaja ta nemi izininka kafin ta taɓa kyamara ko lambobinka. Masu mugunyar manhaja sai suka riƙa fakewa da tsohon tsari don su kauce wa neman izinin. Da aka toshe ƙofar, sai ta rufe har da manhajojin kirki da ba a sabunta ba.

Sannan Google ta sa 1 ga Nuwamba 2025 a matsayin wa'adin da sababbin manhajoji da sabuntawa za su iya aiki da wani sabon tsarin rabon ƙwaƙwalwa, mai shafi 16 KB maimakon 4 KB da aka saba. Manhajar da ke ɗauke da ɓangaren C a cikinta, dole a sake gina ta.

Su ma tafintocin suna ƙara tsanani. Tsohon tafinta kamar dattijo ne mai kawaici: in ka yi tuntuɓen harshe, zai ɗan yi gyaran murya ya fassara abin da yake zaton kana nufi. GCC 14, da ya fito a 2024, ya mayar da wasu daga cikin waɗannan gyaran muryar zuwa ƙin aiki ɗungurungum. GCC 15 kuma, a 2025, ya koma bin sabuwar ƙa'idar C23 kai tsaye, inda kalmomi irin su bool da true da false suka zama na yaren kansa. Tsohon rubutun da ya ƙirƙiri waɗannan kalmomi da kansa sai ya ƙi ginuwa, alhali ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikinsa ba. Ba mugunta ba ce. Zaton da tsohon tafinta ke yi wani lokaci ba daidai ba ne, kuma ta irin wannan tsagar ɓarayin intanet ke shiga.

AIKIN DA AKA KAWO MINI

Bari in ba ka misali da wani aiki da na yi, don ka ga yadda abin yake a hannu.

Wani Alhaji ne daga yankin Roni, mai sayen riɗi da zoɓo. Yakan ba manoma kuɗi da taki da damina, su biya shi da kaka. Shekarun baya wani yaro ɗan unguwarsu ya haɗa masa 'yar manhaja da yake rubuta wa ya karɓa, nawa ya karɓa, nawa ya saura. Ta yi masa aiki sosai, har ya ajiye littafin takarda. Da allon tsohuwar wayar ya fara mutuwa, sai ya je Farm Centre a Kano ya sayo sabuwa mai Android 14. Aka turo manhajar, ta ce ba ta san zancen ba. Yaron kuma ya daɗe da barin gari. Ga kaka ta matso, ga bashin mutane sama da ɗari a cikin wayar da rabin allonta ya yi baƙi.

Abu biyu suka cece shi. Na farko, yaron ya sa maɓallin da ke fitar da kwafin rumbun zuwa ma'ajiyar waya. Muka danna, muka tura fayil ɗin kwamfuta, na buɗe shi da wata manhaja ta kyauta mai suna DB Browser for SQLite. Sunaye da kuɗaɗe duk suna nan, ko sisi bai ɓata ba. Na biyu, da aka samu yaron a waya, ya laluba imel ɗinsa ya tarar da rubutun asali, ya turo. Allah Ya saka masa da alheri.

Daga nan aikin gini ya fara. Ga yadda na bi shi, kuma haka nake ba duk mai irin wannan aiki shawarar ya bi:

1. Na yi kwafin rumbun gida uku kafin in taɓa komai. Na ƙirga layukan da ke ciki, na haɗa jimillar bashin, na rubuta a takarda. Wannan lamba ita ce alƙalina.

2. Na gwada ginawa da sababbin kayan aiki ba tare da na gyara komai ba, don in ga inda zai tsaya. Manhajar tana ɗauke da nata kwafin SQLite na C a ciki, kuma takardar gininta, Application.mk, tana da layin da ke cewa a yi amfani da GCC 4.9. Wannan tafinta babu shi kuma. Na cire layin, Clang ya karɓi aiki.

3. Takardar ta ce a gina don armeabi, wani tsohon nau'in ƙwaƙwalwar waya da NDK ya daina tallafa wa. Na sauya shi da guda biyu: armeabi-v7a don tsofaffin wayoyi, da arm64-v8a don sababbi.

4. Sai jajayen rubutu suka cika allo. A nan mutane da yawa ke karaya. Dabarar ita ce ka karanta kuskuren farko kawai, ka gyara shi, ka sake gini. Sau tari kuskure ɗaya ne ke haifar da ashirin da ke ƙasansa. Akwai kuma hanyar rufe wa tafinta baki ya daina gargaɗi. Ban bi ta ba, don lissafin kuɗin mutane ne.

5. Na sauya tsohon SQLite da sabo daga shafinsu, na ɗaga matakin Android da manhajar ke nufa, na koya mata neman izini irin na yanzu.

6. Na bar ƙofar tsofaffin wayoyi a buɗe. Yaron shagon Alhaji yana riƙe da ƙaramar waya mai tsohon Android, kuma shi ne ke shiga ƙauye karɓar kaya. Ƙara sabo ake yi, ba korar tsoho ba. In ka gyara wa maigida ka kashe wa yaronsa, ba ka yi aiki ba.

7. Na ɗora a wayoyin biyu, na shigar da rumbun, na duba jimilla. Ta yi daidai da abin da ke takardata.

Dare uku aikin ya ci. Da Alhaji ya buɗe manhajar, ya jujjuya ta, sai ya ce, "To Malam, me ka canza? Ai yadda take haka take." Gaskiyarsa. Launi bai canza ba, maɓalli bai ƙaru ba. Irin wannan aiki in ya yi kyau, ba a ganin komai. Shi ya sa ba a son biyan kuɗinsa, shi ya sa kuma matasa ba sa son koyonsa.

Ka lura da wani abu a labarin nan. Manhajar ta tsufa ta ƙi aiki, amma rumbun ya buɗe ba gardama. Ba sa'a ba ce. Masu SQLite sun riƙe tsarin fayil ɗinsu tun 2004, ta yadda sabon inji zai karanta tsohon fayil, kuma sun bayyana niyyarsu ta ci gaba da kula da shi har 2050. Rubutun da suke gwada injin da shi ya ninka injin kansa sau ɗaruruwa. Su ma ba su tsira daga aikin gini ba: a farkon 2025 sun sauya tsarin shirya gininsu daga Autoconf zuwa Autosetup. PostgreSQL, wani babban rumbun da kamfanoni ke amfani da shi, shi ma ya ƙara sabon tsarin gini mai suna Meson a fitowarsa ta 16, a 2023. Wato har manya wannan sharar suke yi kullum, kuma ita ta sa suka daɗe.

ABIN DA ZA KA YI A WAYARKA

Ko ba ka taɓa rubuta layin kod ɗaya ba, ga abin da ya shafe ka:

• San Android ɗinka. Shiga Settings, About phone, ka duba lambar. WhatsApp ta daina aiki a abin da ya gaza Android 5 tun Oktoban 2023, kuma wannan iyaka gaba take yi, ba ta dawowa baya.

• Kafin ka zuba lissafinka a wata manhaja, gangara ƙasa a shafinta na Play Store ka ga ranar da aka sabunta ta a ƙarshe. In ta haura shekara biyu, ka yi hattara, wataƙila babu kowa a gidan.

• Nemi maɓallin Export ko Backup. In manhaja ba ta ba ka hanyar fitar da bayananka zuwa fayil ɗin Excel, CSV ko db, to bayanan ba naka ba ne, aro aka ba ka. Fitar da kwafi duk ranar Juma'a, ka tura imel ɗinka ko Google Drive.

• In wani zai haɗa wa shagonka, makarantarku ko ƙungiyarku manhaja, ku yi magana tun farko: zai ba ku rubutun asali, ba APK kaɗai ba. Ku kuma yanke abin da za a riƙa ba shi duk shekara don sabuntawa. Ai ko injin niƙa ana kiran mai gyara ya duba shi.

• Kar ka sayar ko ka goge tsohuwar waya sai ka ga bayananka da idonka a cikin sabuwar.

• In ka ga sabuntawa mai cin data amma ba ka ga wani sabon abu ba, kar ka ce an cuce ka. Sau da yawa irin aikin da na bayyana ne. Ka jira inda akwai Wi-Fi ko garaɓasar dare, ka sauke.

• Guji tsofaffin APK da ake yawo da su a guruf. Wanda ya ce maka ya "gyara" manhaja ta hau kowace waya, ba ka san me ya cusa a ciki ba.

GARE KU ƊALIBAI

Yankinmu ba baya ba ne a harkar nan. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, muna da cibiyar koyon fasahar sadarwa ta jiha da kowa ke kira Informatics, wadda aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura da aka amince da kafa ta a 2021. Ƙannena da ke waɗannan wurare, kusan kowa burinsa ya haɗa sabuwar manhaja mai sheƙi. Madalla. Amma wanda ya iya tayar da tsohon aiki ya ginu da sabon tafinta, shi ake nema ido rufe ranar da abu ya tsaya. Kuma a ayyukan da rubutunsu ke buɗe ga kowa, ɗan gyaran da ke sa gini ya wuce da sabon tafinta yana cikin ƙofofi mafi sauƙi da baƙo zai shiga ta cikinsu. Ba a tambayarka daga wane gari kake, gyaranka ake dubawa.

Ba sai kana da laftof ba. Ka iya gwadawa a wayarka yau:

1. Sauke Termux daga F-Droid, nan masu shi suka fi ba da shawara.
2. Buɗe shi ka rubuta: pkg install clang wget unzip
3. Je shafin sqlite.org, ɓangaren Download, ka kwafo adireshin fayil ɗin zip mai suna sqlite-amalgamation. Rubuta wget, ka bar tazara, ka manna adireshin.
4. Warware shi da unzip, ka shiga foldar da cd. Za ka ga sqlite3.c, fayil guda mai layi sama da 200,000. Injin kenan gaba ɗayansa.
5. Rubuta: clang shell.c sqlite3.c -ldl -lm -o sqlite3
6. Ka ɗan jira, wayar za ta iya yin ɗumi. In ya gama, rubuta: ./sqlite3 gwaji.db

In ka ga alamar sqlite> tana jiranka, to ka gina injin rumbun bayanai da hannunka, a wayar da ke aljihunka. Rubuta .quit ka fita. Sai ka rubuta clang --version, ka adana lambar da ta fito. Duk aikin da za ka miƙa wa wani daga yau, ka haɗa da ɗan fayil da ke faɗin da wane tafinta ka gina shi, fitowa ta nawa, da umarnin da ka bi. Minti biyar zai ɗauke ka. Wanda zai gaji aikin bayan shekara biyar, zai yi maka addu'a.

Kai kuma mai shago, ke kuma uwar adashe, kar ku kwanta yau sai kun fitar da kwafin nan. Wanda ya san wani da ke riƙe da lissafinsa a waya, ya isar masa da wannan saƙo.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a darasi na gaba.